Ɗigon da Ya Fita Layi

Ruwa ake yi a Bergen, kamar jiya, kamar shekaranjiya.
Na shiga zauren da lema mai karyayyen haƙarƙari,
aka rataya mini sunana a wuya da shuɗiyar igiya:
Torunn Vassbotn, ɗaliba, ba ta kammala ba tukuna.

Mu ɗari huɗu ne, duk masanan gasar kasuwa,
masu auna yadda babban kifi ke haɗiye ƙarami,
ga mu jere gaban mai kofi ɗaya tilo a ginin.
Ya tsuga kuɗi, muka biya, babu mai cewa uffan.
Wani dattijo da ya yi littafi guda a kan babakere
ya nemi ƙarin madara, aka ce da kuɗi, ya laluba aljihu.

Kwana biyu ina zaune ina kallon allo,
haruffan Girka na wucewa kamar ayarin tururuwa:
masu siminti da suka haɗa baki a ɗakin otal,
kamfanonin jirgin sama biyu da suka zama ɗaya,
tikiti ya tashi, kujera ta matse.
Ana tafi kaɗan, kamar mai kaɗe gari daga hannu.

Nawa ya zo rana ta uku, da la'asar sakaliya,
ɗakin ƙarshe, dab da makewayi.
Mutum tara. Biyu da akwati a gindin kujera,
ido a agogo, zuciya a filin jirgi.
Na ce: ga tashoshin masunta sittin da uku a arewa.
Da can masu sayen kifi biyar ne a bakin kowace gaɓa,
yau saura ɗaya, kuma idan mai saye ya zama ɗaya
farashi kan durƙusa, ba ya sake miƙewa.

Farfesa Eilif Brattli ya gyara tabarau.
Ya yaba mini irin yabon da ake wa rago kafin wuƙa,
sannan ya nuna da jan haske:
"Wancan ɗigon na ƙasa, can hagu, ya fita layi.
Yana jan lissafinki baya. Ki cire shi."

Ɗigon nan gida talatin ne da farin coci,
da sikeli mai tsatsa a ƙarshen gada.
A cikinsa Oddvar, ubana, ya tsaya da kifin dare guda,
aka ce masa ga farashi, in bai yi ba ya mayar teku.
Bai mayar ba. Hunturu uku ya jure,
a na huɗu ya sayar da jirgin,
yanzu ta taga yake ƙirga na wasu.

Duk wannan bai shiga minti ashirin ba.
Shugabar zama ta ɗaga kati mai cewa lokaci ya ƙare.
Na ce, "Na gode, zan duba,"
yadda aka koya mana mu ce.

Da dare aka yi liyafa, aka kawo kifi da man shanu.
Na san tambarin kwalin da ya fito ciki.
Na ci. Yunwa ba ta karanta takardata ba.

Na kira gida daga ƙarƙashin rumfar bas.
"Sun saurare ki?" "Mutum tara, Baba."
Ya yi shiru har na ji rediyonsa na faɗin yanayin teku.
"Tara," ya ce. "Mu ko ɗaya ba mu samu ba."

A ɗaki na buɗe kwamfuta, na goge ɗigon.
Layi ya miƙe sambal, kyakkyawa kamar ƙarya.
Na daɗe ina kallonsa, safa na bushewa a kan bututun ɗumi.
Sai na mayar da shi inda yake,
can ƙasa, can hagu,
yana jan komai baya, kamar anga.